Baƙon Waziri Mai Ido Ɗaya da Dalarsa ta Jan Ƙarfe

Mu fara da aljihu. Mai shayi a gindin gadar Kennedy, nan ɓangarenmu na Harobanda, in ya ce maka dala ashirin ka san sefa ɗari yake nufi, kuma Bahaushe da Bazabarme duk haka suke ƙirga. To kalmar nan baƙuwa ce. Masana harshe suna mayar da asalinta ga wani kwari mai suna Joachimsthal a Bohemiya, cikin ƙasar Cek ta yau, inda aka soma buga manyan kuɗin azurfa wajen 1520. Sunan ya yi wa baki tsawo, aka gutsure shi ya koma taler. Mutanen Suwidin suka ce daler. Dalar Amurka jikanyarsa ce, haka ma tamu. A tsakani akwai dalar Mariya Teresa, sarauniyar Ostiriya, wadda fatake suka ƙetaro Sahara da ita. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma duk wadda aka buga bayan haka, ko da shekara ɗari ne a tsakani, 1780 za ka gani a jikinta. Da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdul Karim, ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canjin dala ɗaya a kan wuri 2,500.

Akwai wani Bajamushe da dala ta ci wa kai, kuma ba karin magana nake yi ba. Sunansa Georg Heinrich von Görtz, ɗan gidan sarautar Schlitz a yankin Hesse, mai muƙamin baron. An fille masa kai a Stokholm ranar 19 ga Fabrairu 1719.

Ido ɗaya gare shi. Ɗayan ya bar shi a jami'ar Jena tun yana ɗalibi, a irin faɗan takobin nan da ƴaƴan manya ke yi wai don kare mutunci, aka ƙera masa na ƙarya ya sa a gurbin. Ku riƙe sunan Jena, za ta sake fitowa.

Asalin aikinsa barantaka ce a gidan sarautar Holstein-Gottorp, wata ƴar ƙasa da ke matse tsakanin Danmak da sauran ƙasashen Jamusawa. Mai ƙasar ya mutu a fagen yaƙi a 1702, ya bar ɗa mai shekara biyu, a hankali Görtz ya zama shi ke juya komai da sunan yaron. A 1713 ya nuna halinsa. Yana ta rantse wa Danmak cewa ƙasarsa ba ruwanta da yaƙin da ake yi, ta bayan gida kuma aka buɗe wa rundunar Suwidin ta Janar Stenbock ƙofar ganuwar Tönning ta shiga ta fake. Rundunar ta miƙa wuya duk da haka, Danmak kuma ta danne ƙasar. Wanda ya jawo wa gidan ubangidansa irin wannan, ka ce tasa ta ƙare. Sai ga shi da ubangidan da ya fi na farko.

Shi ne Karl na 12, sarkin Suwidin, wanda ƴan lakwal ɗinmu suka karanta da sunan Charles. Ya karɓi ragamar mulki a 1697 yana da shekara 15. Yana da 18 ya watsa rundunar Rasha a Narva. A 1709 Sarki Bitrus Babba na Rasha ya rama a Poltava, Karl ya tsere ƙasar Turkawa, ya sauka kusa da garin Bender. Saukar ta kai shekara biyar, ci da sha duk a wuyan sarkin Istanbul. Turkawa suka laƙaba masa Demirbash, kalma mai harshen damo: mai kan ƙarfe, ko kuma kayan gwamnati da aka rubuta a littafi, waɗanda ba sa motsawa daga inda aka ajiye su. Mun ce baƙo raɓa ne. Wannan damina ce sukutum.

A farkon 1713 masu masauki suka gaji, suka turo dubban sojoji su fitar da shi. Ya tsaya da ƴan tsirarun mutanensa yana ta sara har aka cinna wa gidan wuta a kansa. Turkawa suna kiran cincirindon jama'a kalabalik. Daga rikicin ranar kalmar ta shiga harshen Suwidin da ma'anar hargitsi, tana nan a bakinsu har yau.

Da ya tashi komawa a ƙarshen 1714, sai ya ari sunan wani hafsa, ya yi fiye da kilomita 2,000 cikin mako biyu, rabi a kan doki rabi a keken doki, ya buga ƙofar garin Stralsund da tsakar dare. Kamar ka tashi daga Yamai ka taɓa Agadas ka dawo ne, har da ƙari. Masu binsa bashi daga ƙasar Turkawa suka biyo sawunsa har Suwidin, wasunsu suka yi shekaru suna zaman jiran kuɗinsu. A Stralsund ɗin nan ne Görtz ya je ya faɗi gaisuwa.

Ga wata kafin mu wuce. Ƙasar da wannan sarki ke mulki ta taɓa yin ranar 30 ga Fabrairu. A 1700 Suwidin ta so ta koma sabuwar kalanda a hankali, ta riƙa zubar da ranar ƙari ta kowace shekara huɗu har ta daidaita. Ta zubar sau ɗaya, yaƙi ya ɗauke hankali, aka manta a 1704 da 1708, ƙasar ta wayi gari da kalandar da babu mai irinta a duniya. Karl ya aiko daga Bender cewa a koma tsohuwar, aka ƙara wa Fabrairun 1712 kwana biyu. Sai a 1753 suka gyara gaba ɗaya. Ranakun Suwidin da ke cikin wannan labari na tsohuwar kalandarsu ne, mai son lissafin yau ya ƙara kwana 11.

Abin da ya fi ba ni mamaki game da Görtz shi ne ba a taɓa naɗa shi komai ba a Suwidin. Bai zama ɗan ƙasa ba. A takarda, wakilin Holstein ne kawai a fadar Karl. A aikace kuwa baitulmali yana hannunsa tun 1716, hulɗa da ƙasashen waje tana hannunsa, kuma ba ya amsa tambayar kowa sai ta sarki. Mutanen ƙasar suka aro suna daga Turkawan da sarkinsu ya zauna da su, suka riƙa ce masa babban waziri, ba don yabo ba. Duk wanda ya san fada, ta sarki nake nufi ba tamu ta shayi ba, ya san irin wannan mutum: ba rawani, ba dangi a gari, amma ƙofar sarki da bakinsa ake buɗe ta. Ana gaishe shi da durƙuso, ana ƙirga masa kwana.

Yanzu ga kuɗin. Suwidin ƙasar jan ƙarfe ce, ma'adinin Falun ya daɗe yana ciyar da Turai da shi, saboda haka suka yi tunanin kuɗinsu ma ya zama na jan ƙarfe, amma nauyinsa ya yi daidai da darajar azurfa. Sakamakon: a 1644 aka buga faranti na daler 10 mai nauyin kilo 19.7. Ka ɗauki jarkar ruwa mai lita 20 irin wadda ƴan garuwa ke turawa, ka ce wannan kuɗin cefane ne. Wahalar ɗaukar irin wannan na cikin abin da ya sa a 1661 wani banki a Stokholm ya fitar da kuɗin takarda na farko a Turai. Mai bankin, Johan Palmstruch, ya buga takardun da suka fi abin da ke cikin ma'ajiya, bankin ya durƙushe, aka yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka sassauta. Wato tun kafin Görtz, wasa da kuɗi a ƙasar nan wasa ne da wuya.

A zamanin Karl sai aka juya abin. Maimakon ƙaton faranti, aka buga ɗan ƙaramin kwabo na jan ƙarfe, aka rubuta masa daler ɗaya ta azurfa, sarki ya ce a karɓa. Daga 1715 zuwa 1719 an buga iri goma, jimilla wajen miliyan 40, ana sauya zanen a kai a kai don a riga masu jabu. Aka kuma matsa wa mutane su kawo azurfarsu ta gaske su karɓi waɗannan. Manomi ya ɓoye hatsinsa, ɗan kasuwa ya ninka farashi. Biyar daga cikin irin na 1718 suna ɗauke da surorin gumakan Rumawa: Jupiter, Saturnus, Phoebus, Mars da Mercurius. Malaman coci da talakawa suka ce ga shi nan, baƙon ya kawo mana gumaka, suka sa musu suna gumakan Görtz, sunan da ya bi su har yau.

Alhali ba shi ya ƙirƙiro su ba. An yanke shawarar bugawa tun 1715, kafin ya karɓi baitulmali. Shi dai ya tarar da rijiya ya ƙara mata zurfi.

Na 1716 an rubuta masa da Latin cewa amanar jama'a ce jingina. Na ƙarshe, mai shekarar 1719, sunansa Fata. A shekarar ne aka sare kan mai gumakan, a shekarar ne kuma gwamnati ta ce kowane daler na jan ƙarfe rabin darajarsa za ta biya. Wanda ya kwana a Yamai daren 11 ga Janairu 1994, ya tashi ya ji cewa shugabanni sun zauna a Dakar, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Tsofaffin ɗaliban jami'ar Abdou Moumouni da suka karɓi burus a watannin da suka biyo baya suna iya ba da darasin da kansu.

Kuɗin cikin gida bai isa ba, Görtz ya fita yawon nema a Turai, ya tarar da masu kuɗi masu buri: magoya bayan gidan Stuart, waɗanda aka kora daga sarautar Ingila suna son dawowa. Sarkin Ingila na lokacin, George na 1, shi ma Bajamushe ne daga Hanover, kuma ya riƙe wa Suwidin yankunan Bremen da Verden, don haka labarin ya yi kama da gaskiya. Görtz ya nuna musu cewa Karl zai iya tsallakowa da runduna, suka zuba kuɗi. Yawancin masana tarihi suna ganin kuɗin kawai yake so.

Ingila kuwa tana buɗe wasiƙu a gidan waya. A ƙarshen Janairu 1717 aka kutsa gidan jakadan Suwidin a Landan, Carl Gyllenborg, aka kama shi, aka kwashe takardunsa, aka buga wasiƙun a littafi don kowa ya karanta. Holan ta cafke Görtz a garin Arnhem, ya yi fiye da wata biyar a tsare. Suwidin ta rama da kama wakilin Ingila a Stokholm, Robert Jackson. Jakadun ƙasashe suka yi ta gunaguni cewa ba a taɓa jakada. Sai a 1961, a Biyana, aka zauna aka rubuta wannan ƙa'ida dalla-dalla ga duniya. Mu a Yamai mun ga yadda take aiki da idonmu: an ba jakadan Faransa Sylvain Itté wa'adin fita ranar 25 ga Agusta 2023, ya zauna cikin ofishin jakadancin har 27 ga Satumba, aka yi ta tsaro a ƙofa amma ba a kutsa ba.

Har da ƴan fashin teku. Waɗanda suka yi sansani a Madagaska sun aiko wakilai suna neman inuwar sarkin Suwidin, su kawo jiragensu da dukiyarsu, a ba su tuta da mafaka. Görtz ya saurare su da kunne biyu. Mutuwar sarki ce ta sa ciniki bai faɗa ba.

A watan Mayu 1718 aka zauna sulhu tsakanin Suwidin da Rasha a ƙauyen Lövö, cikin tsibiran Åland. Duba masu zaman. Mai magana da yawun Suwidin Bajamushe ne, Görtz. Mai kaifin bakin Rasha shi ma Bajamushe ne, Heinrich Ostermann, ɗan limamin coci daga Bochum. Jagoran tawagar Rasha kuma James Bruce ne, jinin Skotlan. Ostermann ma Jena ya yi karatu. A 1703 ya soke wani ɗalibi ɗan'uwansa da takobi har lahira, ya gudu Holan, daga can ya bi wani hafsan jiragen ruwa zuwa Rasha. Makaranta ɗaya, ɗaya ya bar ido, ɗaya ya bar gawa, ga su sun zauna suna yanka taswirar arewacin Turai.

Dabarar Görtz ita ce Suwidin ta haƙura da yankunanta na gabashin tekun Baltik da Rasha ta riga ta cinye, Rasha kuma ta taimaka mata ta sami madadin a wani wuri, kamar Norwe. Ya yi ta kai da komo tsakanin tsibirin da sansanin sarki. Duk sanda ya kawo sharaɗi, Karl ya ce bai isa ba.

Daren 30 ga Nuwamba 1718, Karl yana leƙe daga ramin yaƙi a gaban ganuwar Fredriksten a Norwe, harsashi ya shiga ta gefen kansa ya fita ta ɗayan. Shekararsa 36, bai taɓa aure ba, bai bar magaji ba. Daga gaba aka harbo ko daga baya, har yau ana gardama. An buɗe kabarinsa fiye da sau ɗaya don a auna ramin, na ƙarshe a 1917. A gidan tarihi na garin Varberg akwai wani maɓallin riga da almara ta ce da shi aka harbe shi, wai don ƙarfe na yau da kullum ba ya cin sarkin. Ashe ba mu kaɗai muka san maganin bindiga ba.

Masu neman gado biyu ne. Ƙanwar sarki, Ulrika Eleonora, da mijinta Friedrich na Hesse, sai kuma ɗan yayar sarki, wato yaron nan na Holstein da Görtz ke wa bara. Friedrich yana sansani lokacin da abin ya faru, kuma abu na farko da ya tuna shi ne Görtz. Aka toshe labari, aka tura mahaya. Ranar 2 ga Disamba suka same shi a gidan limamin cocin Tanum, yana kan hanyarsa ta zuwa ganin sarkin da ya kwana biyu da mutuwa. An ce kamun da kansa ne ya sanar da shi rasuwar, domin ya san muddin Karl na numfashi babu mai taɓa rigarsa.

Shari'ar ba ta ɗauki lokaci ba. Aka kafa kwamiti na musamman ƙarƙashin Per Ribbing. Aka hana shi lauya. Babban laifin da aka ɗora masa shi ne ya raba zuciyar marigayi sarki da talakawansa, laifin da ba a san shi a kundin dokar ƙasar ba. Ya ce shi baƙo ne, ba talakansu ba, kuma duk abin da ya yi da izinin sarki ya yi. Ba a saurara ba. Ubangidansa na Holstein, mai shekara 18, ya zame jikinsa. Daga harsashin Fredriksten zuwa gatarin Stokholm kwana 81 ne. An ruwaito cewa ya tsara wa kansa rubutun kabari a gajarce: mutuwar sarki da amanarsa ga sarki su ne ajalinsa. Hukuncin ya ce a binne shi a filin da ake rataye ɓarayi, amma barorinsa suka san yadda suka yi, gawar ta koma Jamus.

In an tambaye ni, zalunci aka yi masa, ko da yake ba zan ba shi ajiyar akuyata ba. Ƙasar ta yi shekara 18 tana binne ƴaƴanta saboda taurin kan mutum ɗaya, ba ta iya tuhumar gawarsa ba domin jarumi ne, sai ta nemo wanda ba shi da kawu a majalisa. An kasa jaki, an koma dukan taiki. Kuma ba a jima ba aka ga kuɗin abin: a bazarar 1719 jiragen Rasha suka bi gaɓar Suwidin suna ƙone garuruwa, har da Norrköping da Nyköping. A 1721, a Nystad, Suwidin ta sa hannu ta bar Estoniya da Liboniya da Ingiriya da wani yanki na Kareliya, ta karɓi kuɗi miliyan 2, babu Norwe, babu madadin komai. Masu sa hannun Rasha su ne Bruce da Ostermann ɗin nan dai.

Shekara 57 bayan kisan, a 1776, wani masanin shari'a Bajamushe, Friedrich Karl von Moser, ya wallafa littafi sukutum don wanke sunansa. Wankin suna bayan ƙasa ta rufe ido ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Boubou Hama ya shugabanci majalisar dokokin Nijar tun daga 1958, juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974 ya kifar da Diori Hamani, shi kuma aka kai shi Agadas aka tsare. Yau in ka ƙetare gada ka hau tudu, gidan tarihin ƙasa da sunansa ake kiransa. Na Diallo Telli na Gine ya fi muni, domin shi ubangidan nasa ne ya cinye shi da kansa: sakataren farko na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka daga 1964 zuwa 1972, aka kama shi a 1976 zamanin Sékou Touré, ya mutu a 1977 a sansanin Boiro bayan an hana shi ci da sha. Görtz aƙalla bai ga wannan ba, sarkinsa bai taɓa juya masa baya ba.

Yaron Holstein da ya rasa gadon Suwidin kuwa ya auri ƴar Bitrus Babba a 1725. Ɗansu ya zama sarkin Rasha a 1762, Bitrus na 3, ya yi wata shida, matarsa Katarina, ita ma Bajamusa, ta tuntsurar da shi.

Ostermann fa? Ya daɗe, domin yana da magani: ciwo. Duk sanda rikicin gado ya taso a Rasha sai ya kwanta, ƙafa ta kumbura, ido ya ƙi gani, hannu ya kasa riƙe alƙalami, sai ƙura ta lafa ya warke ya bi wanda ya ci. Da wannan ya riƙe harkokin wajen Rasha shekara 16. A 1727 ya taimaka aka kayar da Menshikov, babban na hannun daman Bitrus Babba, aka kai shi ƙauyen Berezov a Saberiya ya mutu can. A ƙarshen 1741 Elizabet, ƴar Bitrus Babba, ta ƙwace mulki da dare, ciwo bai yi aiki ba. A Janairu 1742 aka ɗauko shi a kujera zuwa dandalin kisa, wannan karon ciwon na gaske ne, aka ɗora wuyansa a kan gungume, hauni ya gyara tsayuwa, sannan aka karanta afuwa. An ce abin da ya fara nema shi ne a miƙo masa hularsa. Ina aka kai shi? Berezov. Can ya mutu a 1747, matarsa Barashiya tana tare da shi.

Abokin faɗuwarsa, Marshal Münnich, Bajamushe shi ma, ya taɓa zana da hannunsa gidan da za a tsare abokin gabarsa Biron a Pelym. Shi aka kai gidan. Ya yi shekara 20.

A Dresden kuma akwai wani baran sarki da shi ma ya faɗi, Karl Heinrich von Hoym, jakadan Saksoni a Faransa daga 1720 zuwa 1729, mai tara littattafai masu tsada. Ubangidansa, Augustus Mai Ƙarfi, mahaukacin son tangaran ne: a 1717 ya ba sarkin Prusiya sojan doki 600 ya karɓi tangaran ɗin Sin guda 151. Mutum huɗu kusan a kan tulu ɗaya. Da Hoym ya dawo gida aka ɗora shi a kan masana'antar tangaran ta Meissen, sai ya haɗa baki da wani ɗan kasuwar Faris mai suna Lemaire. Ana kwaikwayon kwanukan Japan, ana sa tambarin masana'antar yadda za a iya goge shi, ana kai wa attajiran Faris a matsayin na Japan na asali. Yau mu ke jujjuya atamfa a kasuwa muna neman gane ta Holan da ta Sin, a 1730 Bature ne ke buga jabun kayan Asiya. Asiri ya tonu a 1731, maƙiyansa a fada suka sami abin riƙewa, aka yi ta kama shi ana saki, har a 1736 ya rataye kansa a kurkukun Königstein. Littattafansa aka yi gwanjonsu a Faris a 1738. Tsohuwar matar yayansa, Cosel, wadda ta zama farkar Augustus sannan ta faɗi, ta yi shekara 49 a tsare a ganuwar Stolpen, daga 1716 har mutuwarta a 1765.

Saura yaron Görtz. Cikin masu kai masa saƙonnin asiri a Turai akwai wani matashin baron, Theodor von Neuhoff. Da aka sare kan maigida ya shiga duniya, Sifen, Faransa, Italiya, ko'ina ya bar bashi. A watan Maris 1736 ya sauka tsibirin Korsika a jirgi ɗauke da bindigogin da ya samo ta Tunis, ƴan tawayen da ke yaƙar Jenowa suka naɗa shi sarki a watan Afrilu. Ya raba sarautu, ya kuma buga nasa kuɗin da harufan sunansa, abin da ya gani a gidan maigida. Kafin ƙarshen Nuwamba aljihu ya bushe, ya sulale. Ya ƙare a kurkukun masu bashi a Landan, kuma da aka ce ya rubuta abin da ya mallaka don a raba wa masu binsa, ya rubuta masarautar Korsika. Ya mutu a Disamba 1756, aka binne shi a harabar cocin Saint Anne da ke unguwar Soho.